Kofin da Kaji Suka Ciyo

Ga wata nan tafe gare ku!

Ta iso, muna saurare!

A makarantar tsuntsaye, kaji maza da mata suna buga ƙwallo da suna ɗaya, wato Zakaru. Rannan Zakara ya ce wa Kaza, "Kuna zubar mana da mutunci. Ku nemi naku sunan."

Ta ce, "To, maigida." Matan suka sa wa ƙungiyarsu suna Taurari.

Ranar gasa matan suka ciyo kofi, mazan kuwa agwagi suka lallasa su. Sai Zakara ya haye katanga yana cara: "Zakaru sun yi nasara!"

Kaza ta ce, "Ba kai ka raba mu ba?"

Ya ce, "Haba, ai jininmu ɗaya!"

Ta miƙa masa kofin. "To, ɗauko mana zuwa gida. Sunanmu ne dai a jiki."

Ƙurunƙus kan ɗan tsako!