Gahawar da Don Evaristo bai taɓa sha ba

Akwai wata yarinya a ƙauyenmu na kan tsaunukan Huila, sunanta Nohemí. Tun ranar da ta shiga jami'a karatun lauya mutanen gari suka laƙaba mata Dakta, don mu a nan duk wanda ya sa kwat ya riƙe jaka Dakta ne. Mahaifinta Don Evaristo, manomin gahawa, har tafiyarsa sai da ta canza.

Ita kuwa shekara biyu tana zaune a aji kamar an ɗaure ta. Ba ta so, kuma tana tsoron faɗa.

Wata rana ta raka ƙawarta sashen noma, ta tarar da wata dattijuwa, Doña Ofelia, tana koyar da ɗanɗanon gahawa: a kurɓa da cokali da ƙara, a juya a baki, a tofar. Da wasa aka miƙa mata cokali. Ta ɗanɗana finjali biyar, ta nuna na huɗu.

"Wannan ya daɗe a jiƙe kafin a shanya shi. Ya yi tsami."

Dattijuwar ta sauke tabarau. "Wa ya koya miki?"

"Ba kowa, a cikinsa na tashi."

"To me kike nema a wajen lauyoyi, 'yar nan? Ban ce ki bari ba. Ki riƙa zuwa duk Asabar, wata shida, sannan ki yanke wa kanki."

Bayan wata shida Nohemí ta koma sashen noma.

Da ta faɗi labarin a gida, Don Arbey yana zaune, aminin mahaifinta kuma dillalin da ke sayen gahawarsa shekara talatin. Shi ya fara dariya.

"Amini, ka tura Dakta, an dawo maka da mai tofar da yawu. Ai da ka bar ta a gida, tofi ba ya buƙatar jami'a."

Don Evaristo ya tashi ya fita. Daga ranar ya daina yi mata magana, ko gaisuwarta ba ya amsawa. Shekara guda cur, uba da 'ya a gida ɗaya, saboda bakin mutumin da ko kuɗin littafi bai taɓa ba ta ba. Abin yana ci mini rai har yau.

Ta kai kuka wajen Doña Ofelia. Dattijuwar ta ce, "Kada ki yi masa gardama. Ya taɓa shan gahawar gonarsa?"

Bai taɓa ba. Haka muke, mai kyau a sayar, tarkacen da aka tsince a dafa da mazarƙwaila a sha. Kuma duk kaka Don Arbey zai damƙi tsaba, ya shinshina, ya yatsina fuska, ya ce, "Bana ma bai kai ba, amini, amma zan karɓa don zumunci." Don Evaristo ya yarda shi ƙaramin manomi ne.

Ranar Lahadi bayan coci, Don Arbey ya zo cin abincin rana kamar kullum. Nohemí ta ɗebo tsaba, ta soya da kanta, ta niƙa, ta kawo musu ba mazarƙwaila.

Don Arbey ya kurɓa, ya lumshe ido. "To ka ji gahawa, amini, ba irin taka ba. Ke mai tofi, ta wace gona ce? Gobe zan je in saye duka."

"Ba sai ka yi nisa ba, Kawu. Daga buhun da ka ce bai kai ba ranar Laraba na ɗebo."

Don Arbey ya fara kame-kame, wai suya ce ta gyara ta. Babu wanda ya kalle shi. Ya ɗauki hularsa ya fita, kuma bai ƙara ganin buhu ɗaya daga gonar ba.

Don Evaristo ya daɗe yana kallon finjalin. Ya sake kurɓa a hankali.

"Nohemí," ya ce, karon farko a shekara. "Ɗauko cokalin nan naki. Nuna mini yadda ake yi."

Darasi: Kada ku auna karatun 'ya'yanku da sunan da za a kira su da shi a gari, kuma ku lura da wanda ya fi kowa dariya idan sun sami hanyarsu. Malami na gari yana ganin abin da gida bai gani ba. Ku tura wannan labari ga iyayen da har yanzu suke fushi da ɗansu don ya canza fanni.