Ranar da Aka Yi wa Wayar Inna Kwalliya

Akwai wani bawan Allah da nake so ku ji labarinsa yau, mai shagon zane a kwamfuta, irin masu tsara katin gayyata da allon talla. Abokan sana'arsa Mai Tsari suke ce masa, kuma sunan ya zauna masa daram. In ya shigo ɗakinka ya ga hoton bango ya ɗan karkace, ba zai samu natsuwar gaisawa da kai ba sai ya tashi ya gyara shi. Ni dai a ganina wannan hali wahala ce, amma shi daɗinsa yake ji.

Abin da ya ɗauke masa hankali a lokacin shi ne kwalliyar fuskar waya. Kun san 'yan hotunan nan da ke jere a kan waya, waɗanda ake dannawa a shiga wurin kira, ko saƙo, ko kyamara. To shi bai yarda ya bar su yadda suka zo ba. Ya ce kore nan, ja can, shuɗi can, kamar an zubar da kwandon zaren tela. Sai ya zauna ya zana nasa, duk baƙi da ruwan zinare, da siraran layuka, girmansu ɗaya. Maganar gaskiya abin ya yi kyau, duk wanda ya gani sai ya ce a yi masa.

Mahaifiyarsa a gidansa take zaune, kowa Inna yake ce mata. Ba ta yi karatun boko ba, idonta ma ya fara rauni, amma tana da babbar waya, kuma ta iya ta ta hanyarta. Ba ta karanta sunan komai, kala take bi da mazaunin kowane hoto. Koren da ke ƙasa ta hannun dama, nan 'ya'yanta suke. Mai ido a tsakiya na ɗaukar hoto ne. Jan nan kuwa ko kusa da shi ba ta zuwa, tun ranar da ta danna shi kiɗa ya ɓarke a gaban baƙi.

Inna tana da 'yar auta, ƙanwar Mai Tsari, da ke aure a wani gari mai nisa, tana ɗauke da cikin fari. Kullum da safe Inna za ta danna kore, ta nemo hoton Auta, ta yi mata saƙon murya. Addu'a ce da tambayoyi: kin ci abinci, ƙafar ta saɓe, kada ki ɗaga abu mai nauyi. Auta ta saurara ta mayar da amsa. Da wannan saƙon ita ma take fara yininta.

Wata safiya Auta ta tashi ba daɗi. Ciki ya tsufa, baya na ciwo, ga ta makara wurin aiki. Sai ta mayar da amsa da zafi.

"Haba Inna, kullum maganar ɗaya ce. Na ji, na ji. Ki bar ni in huta mana!"

Inna ta saurara ta yi dariya, ta dubi surukarta, matar Mai Tsari, ta ce, "Kin ji ta ko? Ba ita ba ce, cikin ne ke magana." Ko a jikinta.

A ranar ne da rana, Inna na barci, Mai Tsari ya dawo cin abinci ya ga wayarta a caji a falo. Ya ɗauka ya duba, ya girgiza kai.

"Subhanallahi. Wannan ai ba waya ba ce, kasuwa ce."

Nan take ya zauna ya shiga aiki, abinci na hucewa. Ya canza duk hotunan zuwa baƙi da zinare. Ya sake jera su bisa haruffan sunayensu. Wasu ma ya tattara su ya cusa wuri guda don fuskar wayar ta yi fili. Da Inna ta tashi ya miƙa mata da hannu biyu, bakinsa har kunne.

"Inna, ga wayarki. Na mayar miki da ita ta manyan mutane."

Inna ta karɓa ta duba. Babu kore, babu mai ido, har jan da take gudu ya ɓace. Ta ɗago za ta yi magana, sai ta ga yadda ɗanta yake kallonta yana jiran yabo, irin kallon da yake mata yana ƙarami in ya yi zane ya kawo mata. Ta haɗiye maganar.

"Ta yi kyau, Babba. Allah ya yi maka albarka."

Akwai kuma wani abu da ba ta faɗa wa kowa ba. Ta gaji da zama ita kaɗai mai cewa "ban iya ba" a gidan da kowa ya yi karatu.

Washegari da safe ta zauna bakin gado ta gwada. Ta danna inda kore yake a da, sai ga lambobin lissafi. Ta danna wani, sai ga haɓarta da hancinta sun cika gilashin, har ta tsorata. Ta danna na uku, tocila ta kama, ta rasa yadda za ta kashe, haka tocilar ta yini tana ci a ƙarƙashin matashi har caji ya ƙare. Daga nan tsoro ya kama ta, kada ta goge wani abu ko ta kira mutumin da ba ta sani ba. Sai ta daina taɓawa.

Wayar takan yi ƙara, Inna ta san saƙon Auta ne ya shigo. Ta ɗauka ta riƙe, ta kalle ta, ta mayar.

Ku dubi abin ta ɓangaren Auta. Jiya ta yi wa mahaifiyarta tsawa, yau babu saƙo. Ta turo ban haƙuri, ba a buɗe ba. Ta sake turowa, shiru. Sai ta kira. Amsa kira bai canza ba, don haka Inna ta ɗauka, amma Mai Tsari na zaune kusa da ita yana shan shayi.

"Inna, kin ji saƙona kuwa?"

"Zan ji, 'yar nan, zan ji."

"Fushi kike da ni?"

"Fushin me? Lafiya lau. Ki gaida mai gidan."

Ita Inna tana rufa wa ɗanta asiri ne, ita kuwa Auta abin da ta ji shi ne uwa ta juya mata baya. Duk kiran da ta sake yi, amsar ke nan, zan ji. Kwanaki suka shige a haka. Auta ta daina cin abinci sosai, barci ya ƙaurace mata.

Wata rana da hantsi Mai Tsari yana shago yana fama da wani allon talla, sai ga kiran ƙanwarsa. Kuka take yi tun kafin ta yi sallama.

"Yaya, don Allah ka roƙar min Inna. Na san na yi laifi. Yanzu na fito daga awo, likita ya ce jinina ya hau, wai in rage damuwa. Ta yaya zan rage? Wallahi ba na so in shiga ɗakin haihuwa Inna tana fushi da ni."

Ya rufe shago ya kama hanyar gida, ransa a ɗan ɓace. A zuciyarsa yana cewa tsofaffi ma dai akwai riƙo. Ya same ta a ɗakinta, matarsa na gefe tana ninke wanki.

"Inna, me Auta ta yi miki da zafi haka? Yarinya na can jini ya hau, kin ƙi ko sauraron saƙonta."

Inna ta dafe ƙirji. "Jini ya hau? Ni ban yi fushi da ita ba, ko na minti ɗaya."

"To ɗauki waya ki yi mata magana yanzu, a gabana."

Ta zaro wayar daga ƙarƙashin matashi. Ta kunna. Yatsanta ya tsaya a sama yana yawo, ya je dama, ya dawo hagu. Can ta rufe ido ta danna, lambobin lissafi suka fito.

Ta ajiye wayar a cinyarta, ba ta ɗago ba.

"Babba, tun ranar da ka yi mata kwalliya ban sake gane ƙofar shiga ba. Na san 'ya'yana suna ciki, ina jin suna ƙwanƙwasawa, amma na kasa buɗe musu."

Mai Tsari ya zame ya zauna a ƙasa gabanta.

"Inna, me ya hana ki faɗa min?"

"Na ga kana murna."

Jama'a, wannan amsar ta fi mari zafi. Mutumin nan da ke ji da kansa a kan iya tsara abu, ya kasa haɗa ido da kowa. Kunya ta rufe shi, ga tausayi, ga haushin kansa.

Ya miƙa hannu da sauri. "Kawo in buɗe miki saƙon."

Inna ta riƙe wayarta. "In ka buɗe min yau, gobe wa zai buɗe min? Gyara min ita in buɗe da hannuna."

"To bari in san yadda zan tsara..."

Matarsa ta ajiye rigar da take ninkewa. "Ka ga, mai gida, wancan karon ma kai ka tsara. Yau ka tambayi mai waya."

Ya san gaskiya ta faɗa. Ya gyara zama ya ce, "Inna, ke ce mai aiki, ni ɗan aikinki ne. Yaya kike so?"

Nan fa Inna ta ware. Kore ya koma ƙasa ta hannun dama, kuma a ƙara masa girma. Mai ido ya koma tsakiya. Jan nan a kore shi gaba ɗaya, ba ta gayyace shi ba. Bayan hotunan a sa fari, baƙin nan yana cinye mata ido.

Yana cikin yi sai wata dabara ta zo masa, amma wannan karon tambaya ya yi.

"Inna, in kina so, zan iya ɗora miki fuskar Auta a nan gaba. Kina danna ta, kin shiga wurinta kai tsaye, ba sai kin nema ba."

"Ana iya haka? Kuma duk iliminka ka tsaya kana min zinare?"

Matarsa ta tuntsire da dariya. Ya nemo hoton Auta na ranar aurenta, wanda shi a ganinsa ya fi kowanne haske. Inna ta matso da shi kusa da idonta ta taɓe baki.

"Wannan ba 'yata ba ce, fenti ne. Nemo min wanda take dariya, wushiryarta a waje."

Aka samo, aka ɗora. Aka sa na surukarta a gefe. Da aka zo nasa, ya zaɓi wanda ya sha kwat da tabarau, Inna ta ce in ta ga wannan za ta ɗauka likita ne. A ƙarshe wani tsohon hoto aka sa, hularsa a karkace, ya bar shi a haka.

Da aka gama, wayar ba ta da tsari ko kaɗan a idon mai zane. Hotuna manya-manya, kala ba ta bi kala ba. Ya miƙa mata. Inna ta duba sau ɗaya, yatsanta ya sauka kan fuskar Auta kai tsaye.

Saƙonni suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. "Inna, ki yi haƙuri." "Inna, na tuba, ki yi min magana ko zagi ne." "Inna, yau ban ci komai ba, ba wanda ya tambaye ni." Inna tana saurare hawaye na zuba, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Da na ƙarshe ya ƙare ta share fuska da gefen mayafi, ta danne wurin magana.

"Auta, ni ce. Ban taɓa fushi da ke ba, wayata ce yayanki ya yi wa ado ta fi ƙarfina. Na yafe miki duniya da lahira, abin da kika yi da wanda ba ki yi ba. Yanzu tashi ki ci abinci. Kuma ƙafar nan, ta saɓe?"

Ba a jima ba amsa ta shigo. Rabi kuka, rabi dariya, sai godiya take jerowa. A ƙarshe ta ce, "Inna, ki tambaye ni kullum, don Allah kada ki gaji. Shi kuma Yaya ki ce masa zan zo, ni da shi ne."

Inna ta dafa kan ɗanta ta shiga sa masa albarka, tana cewa ba a taɓa yi mata kyautar da ta kai wannan ba. Shi kuwa cewa yake shi ne da godiya, da Allah ya sa abin ya tsaya iya nan.

A awo na gaba aka ce jinin Auta ya sauka. Bayan 'yan makonni, wata safiya, wayar Inna ta yi ƙara tana ita kaɗai a ɗaki. Ta danna fuskar mai wushirya. Kukan jariri ne ya fara fitowa, sannan muryar Auta a gajiye: "Inna, na sauka lafiya. Ke na fara faɗa wa."

Darasi: Kafin ka gyara wa mutum abinsa, tambaye shi yadda yake amfani da shi, domin abin da ya yi maka kyau yana iya rufe masa hanya. Iyayenmu sukan yi shiru don kada su ɓata mana rai, saboda haka kada mu ɗauki "ta yi kyau" a matsayin komai lafiya. Mu zauna kusa da su, mu duba, mu tambaya, mu gode wa Allah da ya bar mana su. Ka tura wannan labari ga duk wanda ke da tsoho ko tsohuwa mai waya a gida.