Ranar da Ruwan Kwalba Ya Yi Ja

Malam Uzairu manomin rani ne a wani ƙauye da ke kan hanyar Vom. Ba malalaci ba ne, kabejinsa ma sai da hannu biyu ake ɗaga guda. Aibinsa ɗaya: in ya ga ruwa ya wuce bai shiga gonarsa ba, sai ya ji kamar an yi masa sata.

Ƙauyen ya dogara ne da wani ƙaramin dam na jar ƙasa, wanda masu haƙar kuza suka gina tun ba a haifi Uzairu ba. A gefensa akwai magudanar da rarar ruwa ke bi ta fice. Da damina ta zo ƙarshe, Uzairu ya cika buhu arba'in da yashi ya toshe ta, don ruwan ya kai shi watan Maris.

A gindin dam ɗin wata tsohuwa, Mama Kaneng, take noman karas. Marigayi mijinta ne mai gadin wurin a da, kuma ya koya mata abu ɗaya. Kowace safiya takan tari ruwan da ke tsattsafowa daga ƙasan bangon a kwalba, ta ɗaga ta duba. Shekara talatin yana fitowa garau.

Kwana tara bayan toshewar, ya fito ja.

"Uzairu, zo ka gani," in ji ta.

"Mama, shayi kika haɗa mana?"

"Ƙasar bango ce. Ruwa yana cin sa ta ciki. Kwashe buhunan nan yau."

"Haba Mama! Dam ɗin da ya ga zamanin Turawa ya ga tafiyarsu? Ko hadari babu a sama."

"Ai dam ɗin nan tsarana ne, ɗana. Ni za ka ɗora wa wannan nauyin?"

Ya yi dariya ya koma kan kabejinsa. Ita kuwa ta bi manoma ɗaya bayan ɗaya da kwalbarta, ta roƙe su kada kowa ya sauka kwari. Suka ji maganarta, ban da Uzairu.

Washegari da hantsi, rana tarwai, ƙasa ta yi wani gurnani. Uzairu ya sunkuya zai ɗauki injin ban ruwansa. Daga kan dutse Mama Kaneng ta ƙwala ihu: "Bar shi! Hawo!"

Ya saki injin ya hau da rarrafe. Da ya waiwaya, bangon ya riga ya buɗe. Jan ruwa ya fito a tsaye, ya fi soro tsawo. Manyan itatuwan turare suka kwanta kamar ciyawa. Wani dutse da ya kai girman ɗaki ya mirgina ya bi kwari. Mutanen da ke kan tudu sai salati da kiran sunan Yesu ƙasa-ƙasa. Cikin rabin awa aka yi tsit, sai kifaye da ke mutsu-mutsu cikin laka.

Ba a rasa rai ba, amma gonar Uzairu ta koma yashi, kuma babu wanda ya yi noman rani a shekarar. A bakin magudana kuwa, buhunansa arba'in suna nan a jere, ko ɗaya bai gusa ba.

Darasin shi ne, waɗanda suka bar wa ruwa hanyar fita sun san ƙarfinsa, kada kwaɗayi ya sa mu toshe ta. Tsufan gini ba shaidar ƙarfinsa ba ne. Kuma idan mai lura ya nuna maka ƙaramar alama, ka tsaya ka duba tun tana cikin kwalba.