Kaset mai sunan Muhannad

Akwai wani saurayi a unguwar Zahir a nan Makka, sunansa Muhannad Kabo. Kakansa ne ya taso daga garin Kabo na ƙasar Kano ya zo aikin Hajji, ya yi zamansa. Shi Muhannad a nan aka haife shi. Larabci ya fi zama a bakinsa, Hausar sai in za a gaishe da tsofaffi. Aikinsa karɓar baƙi a wani otal kusa da Harami.

Allah ya ba shi kunne, wannan kam ba mai musu. Da kansa ya koyi piyano a waya, har ya iya rubutun kiɗa, irin layukan nan biyar masu ɗige-ɗige. Sai ya ɗauki son duniya ya ɗora wa wani Bajamushe mai tsara kiɗa, wanda ya mutu fiye da shekara ɗari biyu da hamsin da suka wuce.

Ka zauna da shi minti biyar, wallahi sai ka sha tarihin mutumin nan. Yadda mahaifiyarsa ta ƙwace masa kayan kiɗa yana yaro, ya ci gaba a ɓoye. Yadda aka tura shi karatun lauya, ya zame ya koma kiɗa. Yadda ya tsara kiɗa sama da dubu uku kafin ya mutu.

"Dubu uku fa!" Haka yake faɗi yana ɗaga yatsu, kai ka ce shi ya taya shi rubutawa.

To, Muhannad yana da gwaggo a unguwar Shisha, Mujahida, yayar mahaifinsa. Shekara talatin da shida tana waƙar biki da suna a taron mata, ita da bandirinta. Irinsu a nan ake ce wa taggaga. Da wannan sana'a ta riƙe 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta. Muhannad kunyar abin yake ji. Ko a wurin aiki bai taɓa yarda ya ambace ta ba.

Wata Juma'a an taru cin abincin rana a gidan mahaifinsa. Gwaggo tana ɗan buga yatsu a gefen faranti tana rera wani abu ƙasa-ƙasa. Muhannad ya yamutsa fuska.

"Gwaggo, don Allah. Wannan ai ba kiɗa ba ne, buge-buge ne. Kiɗa na gaskiya rubuta shi ake yi, a shekara ana gyarawa."

Mahaifinsa ya buɗe baki zai tsawatar, Gwaggo ta ɗaga masa hannu.

"Ƙyale shi. Ya waladi, ɗana, kai guda nawa ka rubuta?"

"Ina kan aiki," in ji shi.

"Tayyib, to madalla. Allah ya kai mu ranar da za mu ji." Ta ci gaba da cin shinkafarta.

Gaskiyar da bai faɗa ba ita ce, shekara uku yana kan aikin nan, bai taɓa gama ko guda ɗaya ba. Ya fara, ya ga bai kai na Bajamushe ba, ya yaga.

Ana nan sai wata makarantar koyon kiɗa a Jidda ta buɗe ɗaukar ɗalibai. Gurbi kaɗan ne, kuma shekarun Muhannad sun kai iyakar da aka sa, in ya rasa bana ya rasa ke nan. Sharaɗin ɗaya ne: ka kawo kiɗan da kai ka tsara, na minti uku. Burinsa na duniya ke nan, har ya gaya wa abokan aiki ya kusa barin otal.

Ya tsintsinto nan da can daga salon gwaninsa, ya harhaɗa, ya tafi Jidda yana taƙama.

Malamin da ke tantancewa, Ustaz Sami, bai bari ya kai ƙarshe ba.

"Ka iya hannu," ya ce. "Amma wannan na mai shi ne, kuma ya fi ka iya shi. Ka ce kana son Bajamushen nan. Ka san wa yake rubuta wa?"

Ustaz Sami ya ba kansa amsa.

"Kowane mako sai ya kawo sabon kiɗa wurin ibadarsu. Biki ya yi, jana'iza ya yi, walimar manyan gari ya yi. Yana saurayi ya saurari makaɗan ƙauye, ya kwashi abin da ya ji. Ma'aikaci ne, ba ya zaman jira. Kai me ka ji a gidanku? Na ba ka mako ɗaya ka kawo naka."

Kwana biyu Muhannad yana kallon farar takarda. A rana ta uku, bayan azahar, ya ja mota ya nufi Shisha. Ya hau bene hawa uku. Kunya ta ishe shi.

Gwaggo ta buɗe ƙofa, ta dube shi sama da ƙasa.

"A'a! Yau masu rubutu ne a gidan masu buge-buge? Shigo, ka ci abinci?"

Ya zauna ya gaya mata komai, kansa a ƙasa. Ba ta yi masa gori na biyu ba. Abayarta kawai ta ɗauka.

"Yalla, tashi ka kai ni. Akwai suna jibi, ban je na ga mutanen gidan ba."

Ashe haka take aiki. Ba ta taɓa shiga taro da tsohuwar waƙa. Kafin ranar, sai ta je gidan ta sha shayi, ta tambayi sunan jariri ko amarya, sunan uwa, sunan kaka, da garin da kakanni suka baro. Sai ta sa tsohuwar gidan ta kira sunan, ta ji yadda take jan sa a baki.

Muhannad ya jira a mota kusan awa guda. Da ta fito, tana zama ta fara buga cinya tana maimaita sunan jaririyar, Hadil, Hadil, tana hawa da shi tana sauka. Kafin su wuce danja ta uku waƙa ta tsaya da ƙafarta, da amshi da komai.

Ya kusa hawa gefen titi. "Gwaggo, yanzu-yanzu kika yi wannan?"

"To da yaushe zan yi? Ranar suna ba ta jira na. Wata ta yi daɗi, wata ta zo dama-dama. Duk sai in kai, gobe in yi wata. Kai matsalarka kana so ta farko ta zama ta ƙarshe."

Da suka koma gida ta buɗe wani kabad a ɗakinta. Kaset-kaset ne jere har sama, kowane da sunaye a jikinsa. Mijinta ne ya saya mata rikoda tun farkon sana'ar, take rera kowace waƙa a ciki kafin ta fita don kada ta manta. Da kaset ya ɓace a kasuwa, 'yarta Nadiya ta koma ɗaukar mata a waya.

Muhannad ya yi lissafi a ransa. Biyu a mako, shekara talatin da shida. Ya cire azumi, ya cire lokacin Hajji. Ya sake lissafawa don bai yarda ba. Sun haura dubu uku.

Shekara da shekaru yana ɗaga wa mutane yatsu uku, ga mai dubu ukun tana zuba masa miya duk Juma'a.

Gwaggo ta laluba can ƙasa ta zaro wani kaset da ya koɗe. A jikinsa an rubuta sunansa. Ta sa a tsohuwar rikodar. Muryarta ta ƙuruciya ta fito tana kiran Muhannad, tana jan sunan yadda kakarsa marigayiya take ja, tana lissafo hanyar da kakansa ya bi daga Kabo har ya ga Ka'aba.

"Kana kwana bakwai na yi maka ita," ta ce. "Ba a taɓa rera wa kowa ba sai kai."

Ƙato da shi, ya durƙusa ya kama hannunta yana kuka. "Gwaggo, ki yafe mini."

"Halas, ya wuce. Tashi, kwana huɗu ya rage maka."

Ya roƙi izininta, ya ɗauki karin waƙar ya gina kiɗansa a kai. A kan piyano, hannun hagu yana kwaikwayon bugun bandiri, na dama yana kiran suna. Abin da ya koya wurin Bajamushe sai yanzu ya yi masa rana. Akwai wuri biyu da bai gamsu da su ba, amma wannan karon bai yaga ba. Ya gama, ya kai.

Ustaz Sami ya saurara har ƙarshe, ya ce a sake. Sannan ya duba takardar, ya ga suna biyu a sama.

"An ɗauke ka. Amma wace ce Mujahida Kabo da ka sa sunanta kafin naka?"

Muhannad ya miƙe tsaye, ya faɗa da ƙarfi yadda duk ɗakin zai ji.

"Gwaggona ce. Taggaga ce a Shisha."

Darasi: Kada son gwanin nesa ya rufe maka ido har ka raina gwanin da ke cikin gidanku. Kuma mai gama aiki kullum, ko da dama-dama ne, ya fi mai zaman jiran ya yi wanda ba a taɓa yi ba. In akwai wata gwaggo ko wani kawu da ka taɓa yi wa dariyar sana'arsa, yau ka kira shi ka nemi afuwa. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, musamman masu ɗaga mana yatsu.