Dakta Saminu da Amanar Kawu Tanko

Akwai wani ɗan Gazara mai suna Saminu, malamin jami'a a sashen kimiyyar siyasa da hulɗar ƙasa da ƙasa. Yana da ƙwaƙwalwa, ban musa ba. Amma ƙwaƙwalwa daban, hankali daban.

Lokacin da yake binciken digiri na uku kan rikicin manoma da makiyaya, ya dawo gida da rikoda. Kowa ya ƙi sakin baki. Sai ya nufi Kawu Tanko, yayan mahaifiyarsa, wanda ya riƙe shi tun yana firamare.

"Kawu, wallahi ba mai jin sunanka. Ƙa'idar aikinmu ce, ɓoye suna ake yi."

Tsohon ya ce, "Don kai ne, Saminu. Amana na ba ka."

Ga abin da ya faɗa masa. Wata damina shanu suka cinye masarar gonaki uku a bakin rafi, har da tasa. Da idonsa ya ga shanun Ja'afaru ne, Bafulatanin da rugarsu ke bayan gari tun kaka da kakanni. Samari suka fito da adduna da fetur. Kawu Tanko ya tare su, ya ce baƙin shanu ne masu wucewa, tuni sun yi kudu. Aka watse.

Daga baya ya sa Ja'afaru ya zaunar da garkensa a gonakin nan uku duk rani. Gonaki suka sha taki, baɗi masara ta yi kyau, ba wanda ya san diyya ce.

Saminu ya zama Dakta. Aka gayyace shi taro a Turai, kwaɗayin tafi ya kama shi. Ya haska hoton kawunsa a majigi, ya faɗi sunansa, ya faɗi garin, ya faɗi sunan Ja'afaru. Turawa suka tafa. Bai tsaya nan ba, da hannunsa ya ɗora bidiyon a shafinsa har da fassarar Hausa, wai don 'yan gida su ga ya zama wani.

Sun kuwa gani. Kafin kasuwar Makarfi ta zagayo, bidiyon ya shiga kowace waya.

Masu sauran gonakin biyu suka yi wa Kawu Tanko dirar mikiya, suna kiransa maƙaryaci, munafukin da ke haɗa baki da Fulani. Samari suka fara zancen fetur. Ja'afaru ya kwashi iyalinsa da shanunsa ya bar rugar da aka binne mahaifinsa. Kawu Tanko kuwa, dattijon da ake kira sulhu duk unguwa, yanzu ya kira gayya ko mutum ɗaya bai zo ba.

Inna Zulai, mahaifiyar Saminu, ta kira shi tana kuka. "Ka kashe mini yaya da ransa."

"Inna, ba ku gane ba ne. Fitar da sunansa na yi a duniya."

Ku ji fa. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan amsa sai raina ya ɓaci. Mutumin da ke koya wa 'ya'yan mutane yadda ake sasanta ƙasashe, bai san abin da ke riƙe da ƙauyensu ba.

Ana nan sai wata cibiyar bincike ta Turai ta yi masa tayin babban aiki, irin wanda ke kai mutum kujerar farfesa. Sharaɗinsu ɗaya, su zo su ji daga bakin Kawu Tanko. Dakta ya iso Gazara da baƙi da tafintarsu a manyan motoci.

Duk wanda suka tambaya kan labarin sai ya ce, "Allah ne masani," ya wuce.

Suka tarar da tsohon a dakali yana fere rake. Ya sa aka kawo wa baƙi ruwa, don su ba su yi masa komai ba. Saminu ya durƙusa.

"Kawu, don Allah ka maimaita musu labarin nan. Aikina na hannunka."

"Dakta, maganata guda ɗaya ce. Na ba ka ajiya, ka kai ta kasuwa. In baƙinka na son ganin zaman lafiyar da ka ba su labari, kai su bayan gari."

Tafinta ya fassara. Baƙin suka zaga, suka tarar da kufai, ciyawa ta cinye turakun shanu. Shugabarsu ta dawo da tambaya ɗaya: ya yarda a faɗi sunansa?

Kawu Tanko ya ce, "A'a."

A ranar suka janye tayin. Labari ya kai jami'a, aka dakatar da ƙarin girmansa.

Amma ni ba wannan ke ci mini rai ba. Saminu na nan a aji yana koyar da sulhu, ko Sallah ba ya iya zuwa gida. Ja'afaru bai dawo ba. Kawu Tanko kuwa shi kaɗai yake noman gonarsa ta bakin rafi, ga tsufa, ga ba taki.

Darasi: Sirrin da aka ba ka ba tsanin hawa ba ne. Duk ilimin da bai koya maka riƙon amana ba, nauyi kawai ya ƙara maka. Ku tura wa ɗalibai da malamai da duk mai ɗaukar maganar mutane a waya, ko wani zai tsaya ya yi tunani kafin ya ɗora.