Kalmar Da Ke Jikin Sandar Yarima

A zamanin da, a wata ƙasa da sunanta ya ɓace, an yi wani sarki mai ɗa namiji guda ɗaya tak, Yarima Zubairu. Yarima ya bi ayari zuwa gabas neman ilimi, kuma matarsa Ladingo ce ta ƙarfafa masa guiwa. Da shiru ya yi yawa, sai tsoro ya juya wa Sarki tunani, har ya rantse cewa duk bakin da ya kawo masa labarin mutuwar ɗansa, kan mai bakin zai faɗi.

Ana nan sai ayari ya dawo ba Yarima. Madugu ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ajiye sandar Yarima, ya ce, "Ranka ya daɗe, mun rabu da shi a wata rijiya cikin hamada, yana fama da zazzaɓi. Da muka biyo dawowa, Balaraben da ke tsaron rijiyar ya miƙo mini wannan. Ba ya jin Hausa, ba na jin Larabci."

A jikin sandar an sassaƙa kalma ɗaya da wuƙa, da haruffan Larabci: mata.

Sarki ya yi karatu, ba jahili ba ne. Amma ya dubi kalmar ya zaɓi abin da zuciyarsa za ta iya ɗauka. Ya ce, "Ɗana yana raye. Yana gaya mini mata ce ta kore shi daga gidan ubansa." Aka ɗaure Ladingo, aka ce bayan Juma'a za a sare ta. Babban malamin fada, don ya tsira da wuyansa, ya ce a Larabci akwai mata mai nufin "yaushe", alhali ya san haruffan ba ɗaya ba ne. Malami ke nan, rawani ya fi tulu girma!

Waziri Gwadabe ya kasa cin abinci. In ya yi shiru yarinya ta mutu, in ya yi magana shi ya mutu. Ya zo fada ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, kafin a zubar da jini saboda kalma, a bari in tambayi asalinta." Sarki ya yarda.

Waziri ya kirawo baƙi daga zango. Wani Bahindiye mai sayar da turare ya ce a wurinsu mata ita ce uwa. Wani alhaji da ya zauna da mutanen Jawa a Makka ya ce su ido suke kira haka. Wani farke da fataucin goro ya kai shi bakin teku ya ce Turawan jiragen ruwa kurmi suke nufi da ita.

Sarki ya fusata ya ce, "Uwa, ido, kurmi! Waziri, wasa kake yi da ni?"

Waziri ya ce, "Ina ni ina wasa, ranka ya daɗe. Kalmar ɗaya ce, amma kowa da abin da uwarsa ta koya masa. Ma'anarta tana wurin hannun da ya rubuta ta. Sarki ya fi kowa sanin rubutun Yarima. Nasa ne wannan?"

Sarki ya daɗe yana shafa sandar. Ya ce, "Ba nasa ba ne."

"To hannun wa ya rage a rijiyar nan?"

"Na Balarabe."

"Ni karatuna bai yi nisa ba, ranka ya daɗe. Me Balarabe ke nufi in ya ce mata?"

Kowa a fada ya sunkuyar da kai. Cikin wata murya da ba a san shi da ita ba, Sarki ya ce, "Ya mutu."

Ba wanda aka sare, domin bakin da ya kawo labarin na Sarki ne. Ya janye rantsuwarsa, ya yi kaffara, ya tuɓe babban malami, ya aika wa Balaraben nan raƙuma ladan suturar da ya yi wa Yarima. Sannan ya taka da ƙafarsa har kurkuku, abin da wani sarki bai taɓa yi ba a ƙasar, ya ce, "'Yata, ki yafe mini."

Ladingo ta dubi sandar da ke hannunsa, ta dubi idanunsa, ta gane. Ta ce, "Na yafe, Baba. A ba ni sandar."

Aka ba ta. Daga kurkuku ba ta tsaya ko'ina ba sai ɗakin takaba.