Madarar Inna Barmani

Ku matso nan, kowa ya gyara bakinsa, don yau sai an yi gardama.

A wata ruga ta gabas da mu akwai Inna Barmani, mai nonon da kasuwa ke jira. Mace ce mai ji da kanta, kuma ta isa. Kowace safiya sai ta sha madara da ɗuminta daga hantsar saniya. Wai a tafasa? Sai ta ce wannan tsirfar 'yan birni ce, haka uwarta ta sha har ta tsufa.

Ana nan sai zazzaɓi ya kama ta. Ya tafi, ya dawo, ga zufa sharkaf, gaɓɓai kamar an daka. An sha maganin zazzaɓin cizon sauro har an gaji, Inna sai ramewa take yi. Ita kanta ta fara jin tsoro, ko da yake ba ta faɗa ba.

Babban ɗanta Jumare, makiyayi, shi ya lura cewa saniyar da Inna ke sha daga gare ta ta yi ɓari har sau biyu. Ya ware ta daga garke, ya kira likitan dabbobi, aka ce tana ɗauke da cutar da ke bin ɗanyar madara. Wani sai ya rufe don kada a guji nononsu. Jumare kuwa ya faɗa a gaban kowa.

Sai dai da aka ce a tafi asibiti, Inna ta ƙeƙasa ƙasa ta ce ba inda za ta. Saniyarta ba za ta cuce ta ba! Nan Sambo, ɗanta na biyu, ya durƙusa gabanta ya ce, "Inna, wallahi ba na cin komai sai kin tashi." Ta yi masa tsawa, bai motsa ba. Da ta ga yaron nan da gaske yake, ta sauko. Damina ce, rafi ya cika, a bayansa ya goya ta ya ƙetare.

A asibiti kuma ga auta, Dela, ma'aikaciyar jinya. Ta kai wa likita labarin saniyar, aka auna jinin Inna, aka ga ƙwayoyin cutar. Maganin na makonni ne. Inna na jin sauƙi ta ce ya isa haka, Dela ta tsaya a kanta, ga lallashi ga faɗa, har ta shanye shi kakaf.

Inna ta miƙe garau. Yanzu kafin ta kafa kindirmo sai madara ta tafasa, kuma a kasuwa ba ta da zance sai na 'ya'yanta. Kai, an haifi 'ya'ya!

To, tana da karsana ɗaya lafiyayya da ta yi alkawarin ba wa wanda ya ceci ranta. Ta dubi ukun nan, ta rasa hannun da za ta sa wa igiyar.

Ku da kuka ji, a cikin Jumare da Sambo da Dela, wa zai ja karsanar nan?